Darasi na Tara: Aikin Gadi, Alƙalami da Takardar Shaida

A darasin da ya gabata mun tsaya a kan yadda ake rubuta takardar neman aiki, da yadda mutum zai cika fom ba tare da ya nemi wani ya riƙe masa alƙalami ba. Yau kuma za mu ɗauki sana'a guda mu dube ta tun daga tushe, domin ɗalibi ya ga inda karatun da yake zuwa yi bayan la'asar yake kai mutum. Sana'ar da muka zaɓa ita ce gadi, saboda a ƙasar Bade da Nguru da wuya a sami aikin albashi da magidanci yake shiga da sauƙi kamarsa, da wuya kuma a sami wanda aka fi rainawa, alhali kuwa dukiyar mutane da rayukansu a hannun mai yinsa suke kwana.

Tsaron ƙofa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa Gogaram, nan cikin ƙaramar hukumar Jakusko, ya san can ne Lawan Babuje ya kafa birninsa ya kewaye shi da ganuwa a farkon ƙarni na 19, kuma can sarautar Bade ta zauna fiye da shekara ɗari kafin a mai da ita Gashuwa a shekarun 1940. Ganuwa kuwa, komai kaurinta, ba ta tsare gari sai da mutumin da ke zaune a bakin ƙofarta, wanda zai rufe ta in rana ta faɗi, ya buɗe ta da asuba, ya tambayi baƙo daga ina ya fito, ina za shi, wurin wa zai sauka. Mai tsaron ƙofa na wancan zamani bai bukaci rubutu ba, don ya san mutanen garin ɗaya bayan ɗaya, ya san zanen fuskarsu, ya san jakin wane da raƙumin wane. In ya ga abin da bai gamshe shi ba sai ya gaya wa Bulama, Bulama ya kai wa Lawan, magana ta isa fada tun ba a yi sallar isha'i ba.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya wannan al'amari. Da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙiraga da ƙaro da shanu, kamfanonin Turawa suka gina ɗakunan ajiya, kaya suka riƙa shiga da fita bisa takarda, kuma waɗanda ke zuwa ɗaukarsu baƙi ne daga Kano da Ikko, ba wanda ya san ubansu a garin. Haka kuma dogaran sarakuna suka zama 'yan dokar En'e masu kaki da lamba da littafin ofis, har zuwa lokacin da soja suka karɓi mulki a 1966, aka bi su sannu a hankali aka haɗe da 'yan sandan ƙasa. Tun daga wannan zamani sanin fuska ya daina isar mai tsaron ƙofa. A yau wanda ke gadin asibitin tarayya na Nguru, ko Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, ko Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, ko banki, ko gidan mai, yana ganin ɗaruruwan mutane a wuni, mafi yawansu bai san su ba, kuma kowannensu da abin da zai miƙo masa: wannan katin shaida, wancan rasit, wancan takardar izinin fitar da kaya. In bai iya karanta abin da aka miƙo masa ba, to, bilhasali ba shi ne ke tsaron ƙofar ba, mai takardar ne ke buɗe wa kansa.

Matakan karatun manya

Ajin da kuke zaune a cikinsa yana da asali. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar abin da aka kira Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa a zaurukan dagatai da gindin itatuwa, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororin aikin, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai, jaridar Jakadiya tana kai wa sababbin makaranta labari cikin sassauƙar Hausa. Wanda ya ci jarrabawa kuwa akan ba shi takardar shaida. Daga baya aikin ya yi sanyi, sai a 1980 Jihar Kano, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta kafa hukuma ta musamman don ilimin manya, wadda har hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya, jihohi suka bi sahu, Jihar Yobe ma, da aka cire ta daga Barno ranar 27 ga Agusta 1991, ta kafa tata.

Karatun hawa-hawa ne. Matakin farko shi ne na koyon karatu da rubutu da lissafi, wanda ake daidaita shi da ajin uku na firamare. Na biyu yana kai mutum daidai da wanda ya gama firamare, a nan ne Turanci yake shigowa sosai. Daga nan sai azuzuwan ci gaba, inda magidanci ko matar aure za su shirya wa jarrabawar kammala sakandare ta NECO ko ta WAEC, wadda ake yi wa masu zaman kansu a ƙarshen shekara, ko ta NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992 don jarrabawar sana'o'i da kasuwanci. Mai sana'ar hannu, kamar birkila ko makanike ko mai gyaran wuta, yana da tasa hanyar, watau gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake farawa daga daraja ta uku a haura zuwa ta ɗaya.

A nan ya kamata a faɗi wata magana, ko da za ta ɗan karkatar da mu. Da yawa daga cikin masu zuwa wannan aji ba jahilai ba ne ko kusa. Ƙasar Barno da Yobe ƙasar tsangaya ce, kuma mutumin da ya yi shekaru yana wanke allo yana sake rubutawa, ya san baƙi ya san wasali, ya saba da zama a gaban malami, ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema. Abin da ya rage masa shi ne ya saba da baƙaƙen boko da rubutu daga hagu zuwa dama. Malaman azuzuwan manya sun san irin waɗannan ɗalibai su ne kan riga kowa kamawa. Saboda haka kada gardi ya ji kunyar zama a benci.

Abin da doka ta ce

Masu gadi iri-iri ne: akwai wanda maigida ya ɗauka da baki ya tsare masa gida ko shago, akwai ma'aikacin gwamnati mai albashi a makaranta ko asibiti ko sakatariya, akwai kuma ma'aikacin kamfanin gadi, wanda kamfaninsa ke karɓar kwangila ya tura shi banki ko ofis. Wannan na ukun yana ƙarƙashin wata doka ta 1986, wadda ta shar'anta cewa ba a kafa kamfanin gadi sai da lasisi, kuma sai 'yan ƙasa ne suka mallake shi, ta hana ma'aikatansa riƙe bindiga a bakin aiki, ta hana su sa tufafin da za su yi kama da na soja ko 'yan sanda. Hukumar da ke duba waɗannan kamfanoni, da yadda suke horar da mutanensu, ita ce Sibil Difens, wadda ta faro a Ikko a 1967 lokacin yaƙin basasa, aka ba ta cikakkiyar doka a 2003, aka ƙara mata iko a 2007. 'Yan banga da mafarauta da ke taimakon jami'an tsaro a ƙauyuka wani sha'ani ne dabam, ba su ne batun wannan darasi ba.

To, mutumin da doka ta hana shi bindiga, da me zai yi tsaro? Kayan aikinsa tocila ne, da usur, da gora ko kulki, da wayar hannu mai caji, da kwaɗo da makulli, da littafi da biro. A cikinsu duka littafin ne ba a cika damuwa da shi ba, shi ne kuwa za mu fi daɗewa a kansa.

Littafin bakin ƙofa

A ƙaddara kaka ta yi, an cika wani sito da shinkafar fadama a Gashuwa, kai ne mai gadin dare. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga babbar mota ta tsaya, direba ya leƙo ya ce, "Baba, sannu da aiki. Alhaji ne ya aiko mu, buɗe mu ɗauki kaya, da asuba muke son kama hanyar Kano." Ya miƙo takarda, tare da shi kuma ga yaron sito wanda ka sani, da makulli a hannunsa. Wanda bai yi karatu ba zai haska takardar da tocila, ya ga akwai rubutu da hatimi, ya dubi yaron da ya sani, ya buɗe ƙofa. Wanda ya yi karatu zai nemi abu huɗu: kwanan watan da ke jiki na yau ne ko na makon jiya, buhu nawa aka rubuta, lambar motar da aka rubuta ita ce ta motar da ke gabansa, kuma sa hannun na wanda aka ba ikon fitar da kaya ne ko kuwa. Sa'an nan ya tsaya ana lodi yana ƙirgawa. In takarda ta ce buhu 40 ya ga an ɗora 46, ba sai ya yi faɗa da kowa ba. Ya ce, "Direba, yi haƙuri, ƙirgana bai zo daidai da takarda ba, bari in kira Alhaji," ya bar ƙofa a kulle har a amsa waya.

Bayan haka ya zauna ya rubuta. Ga misalin yadda shafin daren zai kasance:

6:00 na yamma. Na karɓi aiki daga mai gadin rana. Makullai 5, tocila 1, tukunyar kashe gobara 2, duka lafiya. Kwaɗon sito na biyu yana da wuyar buɗewa.
9:30 na dare. Na zaga bayan katanga. Ƙwan lantarki na kusurwar gabas ya mutu.
11:05 na dare. Babbar mota ta zo ɗaukar shinkafa, na rubuta lambarta a gefe. Takarda ta ce buhu 40, an ɗora 46. Na kira maigida, ya ce a sauke 6. An sauke a gabana.
11:50 na dare. Mota ta fita da buhu 40. Direba ya sa hannu.
6:00 na safe. Na miƙa aiki. Makullai 5.

Ku lura da abin da babu a wannan shafi. Babu inda aka ce yaron sito ɓarawo ne, ko direba maha'inci ne, domin mai gadi bai san wannan ba. Mai yiwuwa kuskuren ƙirga ne, mai yiwuwa ba kuskure ba ne, wannan hukuncin maigida ne ko na alƙali. Abin da idonsa ya gani da lokacin da ya gan shi, shi kaɗai ya rubuta. Ana rubutu da biro, ba da fensir ba. Ba a tsallake layi a bar fili, don kada wani ya cusa magana daga baya. Ba a yage shafi. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta abin da aka soke, a sa hannu a gefe. Kuma ana rubutawa a lokacin da abin ya faru, ba a bari sai da asuba a tattara daga ka, saboda wanda ya kwana bai runtsa ba, ƙarfe ɗaya da ƙarfe uku sukan rikice masa.

Wanda ya yi karatun fiƙihu zai gane fa'idar wannan tun kafin a gama bayani. Malaman Malikiyya, a babin ijara, sun lissafa mai gadi cikin amintattu, watau ba a ɗora masa biyan abin da ya ɓata a hannunsa sai in ya ƙetare haddi ko ya yi sakaci. Hukunci ne mai adalci, amma ranar da aka wayi gari buhu shida sun yi ƙafa, maigida ransa a ɓace, 'yan sanda sun zo, da wace hujja talaka zai tabbatar bai yi sakaci ba? Al'ada ce, kuma mummunar al'ada, duk inda aka yi sata mai gadi ake fara kamawa. Littafin da ya nuna ya zaga da ƙarfe tara da rabi, ya ba da labarin fitilar da ta mutu kwana uku ba a gyara ba, ya miƙa makullai biyar kamar yadda ya karɓa, shi ne shaidar da za ta tsaya masa a caji ofis lokacin da kowa ya ja baya. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ta kasance umurni ce da a rubuta mu'amalar bashi a kafa mata shaidu.

Iyakar ikon mai gadi

Mai gadi ba ɗan sanda ba ne, ba kuma alƙali ba. Doka ta yarda wa kowane mutum ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ɗaure mutum a ɗakin gadi har gari ya waye, ko dukansa don ya amsa, ko kiran 'yan unguwa su taru a kansa, duka laifuffuka ne da za su juyo kan mai gadin, balle ga shi tun 2017 akwai doka ta musamman da ta haramta azabtarwa. Binciken jaka ko bayan mota kuwa da izinin mai ita ake yi. In ya ƙi, abin da mai gadi ke da iko da shi shi ne ya hana shi shiga. Mace kuma mace ce ke bincikarta, wannan ya sa asibitoci da bankuna da makarantun 'yan mata suke neman mata masu gadi, kuma ƙofa ce da matan wannan aji ba su cika tunawa da ita ba.

Harshe ma kayan aiki ne. "Ranka ya daɗe, a taimaka a buɗe but," da "Hajiya, don Allah a rubuta suna a nan," suna buɗe abin da tsawa ba ta buɗewa. Gwajin mai gadi na gaskiya yakan zo ranar da babban mutum ya iso ya ce ba a san shi ba ne ake tambayarsa kati. A nan ake son ladabi ya cika, ƙa'ida kuma kada ta motsa.

Gobara ta fi ɓarawo cin dukiya, musamman da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa kuma masu gadi kan hura wuta don jin ɗumi kusa da buhuna. Wajibi ne mai gadi ya san inda ake kashe wutar lantarkin ginin gaba ɗaya, ya san ba a zuba ruwa a wutar fetur ko ta lantarki, sai yashi ko tukunyar kashe gobara ta gari, ya san ana zare ƙusar tukunyar a nufi gindin wutar ba harshenta ba, ya kuma karanta kwanan watan da ke jikinta, don takan lalace. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da janareto yana aiki, hayaƙinsa yana kisa ba a ji. Lambobin ofishin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana da na asibiti mafi kusa su kasance rubuce a bango, tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ba a cikin waya kaɗai ba. Wanda ya taɓa zama ɗan agaji a ƙungiyar masallaci ko ta Red Cross, ya koyi tsayar da jini da ɗaukar wanda ya karye, to ya ambaci wannan a takardar neman aikinsa, abu ne mai daraja.

Ƙofar makaranta

Mutanen Yobe ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. An kai hari makarantar Mamudo a Yulin 2013, da Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Satumbar wannan shekara, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Fabrairun 2014. Ranar 10 ga Nuwamba 2014 wani ya shiga makarantar kimiyya ta Potiskum sanye da kayan makaranta ya tashi bam ana taron safe. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 kuma aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi, nan maƙwabtanmu a Bursari. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ana cikin waɗannan masifu Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta kare makarantu a 2015, daga baya aka ɗora wa Sibil Difens babban kaso na wannan nauyi.

Gaskiyar magana, ba wani mai usur da gora da zai tare mutane masu bindiga cike da motoci, kuma zalunci ne a nemi haka daga gare shi. Wannan aikin hukuma ne. Abin da ke hannunsa shi ne abin da ke gabanin haka: ya san ɗalibansa da malamansa har baƙo ya fita dabam ko da ya sa kayan makaranta, ya rubuta kowane mai ziyara, ya lura da wanda ya yi kwana biyu yana zagaya katanga yana tambayar yara ina ɗakin kwanansu, ya kai wannan labari ga shugaban makaranta a rubuce tun yana ƙarami, ya san ƙofa ta biyu da za a fitar da yara da wurin da za a tara su a ƙirga. Minti goma da aka samu saboda wani ya buga waya da wuri suna iya zama rayuka masu yawa.

Daga gadi zuwa shugabancin tsaro

A kamfani ko babbar ma'aikata akwai mai gadi, sama da shi akwai shugaban masu aikin dare ko na rana, sai mai duba wurare da yawa, sai babban jami'in tsaro na ma'aikatar baki ɗaya. Ƙarfin damtse ba ya hawa da mutum wannan tsani, domin aikin na sama kusan duka rubutu ne da lissafi. Ɗauki misalin rabon aiki. Ƙofar da ba a barinta dare da rana tana cin awa 24 sau kwana 7, watau awa 168 a mako. In kowane mutum zai yi awa 8 a rana, kwana 6 a mako, nasa awa 48 ke nan. Raba 168 da 48, za ka sami uku da rabi. Tun da ba a ɗaukar rabin mutum aiki, ƙofa ɗaya tana bukatar mutum huɗu, kuma ɗan rarar da ta saura ita za ta rufe ranar da wani ya kwanta ciwo ko aka yi masa rasuwa. Inda aka sa mutum biyu kacal, kowanne awa 12 kullum babu hutu, ga shi da rana mai aikin daren yana gona ko yana tuƙa keke mai ƙafa uku don albashi bai isa ba, to, a sani an sayi barci ne da kuɗi, kuma laifin ba na mai gyangyaɗin kaɗai ba ne. Shugaban da ya iya wannan lissafi yana iya zama gaban manaja ya nuna masa a takarda.

Haka kuma shi ne zai zaga ginin da idon ɓarawo, ya ga reshen da ya haura katanga, da kusurwar da haske bai kai ba, da makullin da mutum biyar suke da irinsa, da kwarin da ruwa ke bi ya shiga sito in kogi ya yi ambaliya da damina. Ya rubuta rahoto ya jera abin da ya fi gaggawa a sama, da kuɗin da kowane gyara zai ci. Mai son zurfafawa akwai hanya: Sibil Difens tana da kwalejin koyar da sarrafa harkokin tsaro a Abekuta da wata kwalejin dabam a Katsina, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuma tana ba da digiri a nazarin laifuffuka da tsaro ga wanda ke karatu yana bakin aikinsa. Amma mabuɗin wannan duka takardar sakandare ce. A kuma faɗi gaskiya: shiga aikin ɗan sanda ko Sibil Difens yana da iyakar shekaru, magidanci ɗan arba'in ya wuce ta, tasa hanyar ita ce ta kamfanoni da ma'aikatu, inda ake daraja dattako da daɗewa a aiki.

Takardar shaida kamar tambarin da ake bugawa a buhu take, tana faɗin abin da ke ciki, amma mai saye zai soka ya gani. Akwai masu sayar da satifiket na jabu, akwai masu cewa a kawo kuɗi za su samo gurbin aiki a Abuja. Na farko laifin jabu ne da ke kai mutum kurkuku, ban da kunyar ranar da za a miƙo masa biro a ce ya rubuta rahoton jiya. Na biyu kuwa damfara ce, domin ɗaukar aikin hukumomin tsaro ana sanar da shi a fili, kuma ba a sayar da fom ɗinsa. Kafin ka biya kuɗin kowane horo, ka tambayi wace hukuma ce ta amince da takardar da za a bayar. Kafin ka shiga kamfanin gadi, ka tambaya ko yana da lasisi, ofishin Sibil Difens na ƙaramar hukumarka zai iya gaya maka inda za ka tabbatar.

In an ɗauke ka, dokar ƙwadago ta ba ka haƙƙin a rubuta maka sharuɗɗan aikinka cikin wata uku: albashi nawa, awa nawa, hutu yaushe, da wa'adin da za a ba juna in za a rabu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne a wata, ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa mai gadin gida sai abin da suka yi ciniki da maigida. Kada ka bar wa kowa ainihin takardunka, ka ba da kwafi. Kuma tun yau ka duba yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka a katin ɗan ƙasa, ka tabbata haka malaminku zai rubuta a rajistar jarrabawa, haka kuma yake a banki. Mutane da yawa sun yi watanni ba albashi saboda an rubuta Muhammad a wata takarda, Mamman a wata.

Aikin yi

1. Ka ja layi a littafinka ka raba shafi gida uku: lokaci, abin da ya faru, sa hannu. Ka rubuta duk wanda ya shigo gidanku ko shagonku daga la'asar zuwa isha'i, ba tare da ka sa zato ko ra'ayinka ba.
2. Wata makaranta tana da ƙofa biyu, ɗaya ana tsaronta dare da rana, ɗaya kuma daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, kwana bakwai a mako. In kowane mai gadi awa 48 yake yi a mako, mutum nawa ake bukata?
3. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai gadi, ɗaya Alhajin da ya ƙi a duba motarsa. Sauran 'yan aji su saurara su faɗi inda aka rasa ladabi da inda aka saki ƙa'ida.
4. Ka kawo katin ɗan ƙasarka aji mai zuwa, a gwada sunan da ke jiki da wanda ke cikin rajistar malam.